Tanis a Masussuka

Idan kaka ta yi, hanyar Zariya zuwa Funtua ba ta masu mota kaɗai ba ce. Tun daga Shika har ka wuce Giwa, gefen kwalta ya koma wurin shanya: nan masara, can barkono jawur, gaba kaɗan waken suya, an jera duwatsu a baki don kada direba ya hau. Manyan motoci na tafe a karkace saboda buhuna, masu babura sun ɗauro dammunan dawa har ba a ganin mai tuƙi sai ƙafafunsa. A cikin wannan hada-hada muka nufi Funtua, ni da wani abokina mai koyar da wasan tanis, wanda kowa ke ce wa Koci har sunansa na yanka ya kusa ɓata. Wani tsohon hedimasta ne ya kira shi ya zo ya nuna wa yaran unguwarsu da wasu malaman firamare yadda ake fara wasan. Ni kuwa ɗan rakiya ne, ganin ƙwaƙwaf ya sa na biyo shi.

Funtua gari ne da auduga da hanya suka gina. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta nan ya dangana da Ƙaura Namoda a 1929, kamfanin audugar Turawa na BCGA ya kafa injin gurza, masaƙa ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Cikin manyan ayyukan bunƙasa noma guda uku da Bankin Duniya ya fara tallafa wa a Arewa a tsakiyar shekarun 1970, ɗaya a nan yake, sauran biyun a Gusau da Gombe. Mai zuwa Sakkwato daga Zariya nan zai bi, haka mai gangarawa Birnin Gwari, haka mai haurawa Katsina ta Malumfashi. Shata ya yi zamansa a nan, Barmani Coge ma haka. Gari ne da ya san kuɗi, ya san kiɗa, ya san ƙwallon ƙafa. Amma in ka ce tanis, tebur za a nuna maka a bakin titi, inda samari ke biyan kuɗi su fafata. Na raket da raga, a wurin mafi yawan mutane, wasan manyan ma'aikata ne da 'ya'yansu a bayan katangar kulob.

Koci ba ɗan babban ma'aikaci ba ne. Tsintar ƙwallo ya fara yi a wani kulob a Kaduna yana ɗan firamare, in manya sun tashi salla shi da abokansa su ɗauki guntun katako su kwaikwayi abin da suka gani. Ta wannan ƙofa 'yan tanis ɗin Nijeriya da dama suka shigo. Nduka Odizor, wanda ya kai zagaye na huɗu a gasar Wimbledon a 1983, da tsintar ƙwallo ya fara a Legas. Kayan da Koci ya zuba a but ɗin mota ba su da wani kwarjini: gajerun raket 'yan kaɗan, doguwar igiya, da buhun taki cike da tsofaffin ƙwallaye waɗanda gashinsu ya sulle, iskarsu ta sace, 'yan kulob suka yar. Ko raga bai ɗauko ba.

Hedimasta ya tarbe mu da fura mai sanyi da ban haƙuri.

"Koci, sai fa ka yi haƙuri da mu. Nan unguwar ba mu da filin siminti irin naku na birni."

"Ranka ya daɗe, ina kuke sussuka?"

Ya ɗauka zolaya ce. Da ya ga da gaske ake, ya ja mu bayan gidaje inda aka gama sussukar dawa ba da daɗewa ba. Ƙasar ta daddale ta yi tauri, ƙaiƙayi kawai ya rage da 'yan tsidau a gefe. Koci ya saki ƙwallo daga tsayin kafaɗarsa, ya duba yadda ya tashi, ya gyaɗa kai. Yara suka rugo da tsintsiya. Ya auna da taku, tsawo wajen mita 11, faɗi mita 5 da rabi, aka ja layi da toka. Aka kafa turaku biyu, aka ɗaura igiya a tsayin santimita 80, aka rataya mata tsummoki don a riƙa ganinta. Kafin la'asar sakaliya fili uku sun samu a wurin.

Wannan awon ba Koci ya ƙago shi ba. Cikakken filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa 8.23 in mutum biyu ke karawa, ragar kuma santimita 91 da ɗan ɗoriya a tsakiya. Ƙwallon manya, ruwan ɗorawan nan, doka ta ce in an sake shi daga tsayin santimita 254 ya tashi tsakanin 135 da 147. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa tsayinsa duka bai fi santimita 120 da 'yan kai ba. Ke nan ƙwallon da ke zuwa wa babba a ƙugu ko ƙirji, shi yaro a ka yake zuwar masa, ko ya tsallake shi baki ɗaya. Sai ya koyi ɗaga raket yana kare fuska, ya murɗe riƙonsa, ya saba da ja da baya, kuma a sha wuya kafin a raba shi da wannan ɗabi'a. Masu koyarwa a ƙasashe daban-daban sun daɗe suna dabarar rage fili da sassauta ƙwallo, har Hukumar Tanis ta Duniya, ITF, ta tattara abin ta fito da shi a matsayin shiri guda a 2007. Daga 2012 kuma ta hana a yi gasar 'yan shekara goma zuwa ƙasa da ƙwallon manya. Hawa uku ta yi. Jan ƙwallo, wanda ya ɗan fi girma kuma aka rage masa kashi 75 cikin ɗari na gudu, shi ne na 'yan shekara biyar zuwa takwas, a ƙaramin fili irin wanda muka zana. Daga nan sai mai ruwan goro, mai rabin gudu, a fili mai tsawon mita 18. Sai kore, wanda kashi 25 kawai aka rage masa, a cikakken fili. Raket ma haka: na manya inci 27 ne, na mai farawa ba ya wuce 23.

Waɗannan ƙwallaye masu launi daga waje ake shigo da su, kuɗinsu kuma ba na malamin firamare ba ne. Nan darajar buhun Koci take. Ƙwallon da ya mutu a wurin ɗan kulob, don ba ya tashi yadda yake so, shi ne daidai da yaro. Wanda ke da sauran ƙarfi sai Koci ya soka masa basilla iskar ta fice. Ba zai yi laushin jan ƙwallon kanti ba, amma a kan ƙasa yana zuwa wa yaro tsakanin gwiwa da ƙirji, yana kuma ba shi sararin shiryawa, abin da ake nema ke nan.

Wani dattijo da ya dawo daga gona ya jingine kekensa yana saurare. Da aka zo kan maganar gajeren raket ya ce, "To ai wannan ba sabon ilimi ba ne, Malam. Wa ya taɓa ba yaro galmar ubansa? 'Yar fartanya ake sa maƙeri ya yi masa daidai hannunsa, a yanka masa kunya biyu a gefe." Ya hau kekensa ya wuce, bai tsaya ganin wasan ba.

Abin da ya ba malaman mamaki shi ne an jima ana wasa ba a taɓa raket ba. Koci ya raba yaran biyu-biyu, kowane biyu da ƙwallo ɗaya. Ka jefa wa ɗan'uwanka daga ƙasa, ya bar shi ya dira sau ɗaya, ya cafe da hannu biyu. Sai da hannu ɗaya. Sai a jefa masa dama, a jefa masa hagu, ya taka ya je ya same shi. A cewarsa, yaron da ya kasa bugun ƙwallo galibi ba hannunsa ne ya gaza ba. Idonsa ne bai gano inda ƙwallon zai sauka ba, ƙafarsa kuma ba ta kai shi wurin da wuri ba. Don haka tarba ake fara koya kafin bugu.

Da aka raba raket bai yi dogon turanci a kan riƙo ba. Ya miƙa wa kowane yaro ƙotar ya ce, "Gaisa da shi." Yadda hannu ya kama, haka ake so ya zauna. Aka fara da gangara ƙwallo a ƙasa, wancan ya tare da raket ya turo. Sai kowa ya ɗora ƙwallo a kan saƙar raket ya yi tafiya kada ya faɗi, ya ɗan tasa shi sama, ya bar shi ya dira, ya sake tasawa. Sannan aka zana da'ira da toka tsakanin kowane yara biyu: wannan ya ɗaga ƙwallo ya faɗa cikin da'irar, wancan ya ɗaga ya mayar. Ba igiya tukuna, ba a neman a ci kowa. Ƙirge ake yi da baki, nawa za ku iya haɗawa ku biyu kafin ya lalace? Wuri ya kaure da "huɗu, biyar, kai ka ɓata mana!" Sai da wannan ya zauna aka tsayar da su gaba da bayan igiya, kusa-kusa, ana ƙara musu tazara da taku ɗai-ɗai.

Wata 'yar dabara ta burge ni. Duk sanda ƙwallo ya taɓa ƙasa, yaro ya ce "dira" da ƙarfi, in ya haɗu da raket ya ce "buga". Wani Ba'amurke mai suna Timothy Gallwey ne ya yaɗa ta a littafin da ya fitar a 1974 a kan yadda yawan tunani ke shiga tsakanin ɗan wasa da hannunsa. Baki da ido duk suna kan ƙwallo, yaro ba shi da zarafin tunanin ana kallonsa. Akwai wani ɗan mitsitsin yaro da ya yi ta dukan iska har baki ya fara taɓewa za a yi kuka. Aka sa shi faɗar kalmomin nan, ba a jima ba ƙwallonsa ya tsallake igiya, ya yar da raket ya ruga ya gaya wa yayansa.

Koci ba ya gyara abu biyu a lokaci guda. Yau in maganar juya kafaɗa yake yi, ko ƙafarka a harɗe take ba zai tanka ba. Gobe ya ce ka tarbi ƙwallo a gabanka, kada ka bari ya zo daidai da jikinka. Jibi ya ce raket ya taso daga ƙasa ya ƙare a kan kafaɗa. In ƙwallo ya zo ta ɓarayin hagu ga mai dama, a kama ƙota da hannu biyu. Ɗan tsallen nan da 'yan wasa ke yi a kan yatsun ƙafa daidai lokacin da abokin karawa ya buga, don su iya zabura ko ta wane gefe, bai sha wahalar koyar da shi ba. Yaran da suka tashi suna langa ba a koya musu tsayuwa a kan yatsu.

Inda aka ɗan yi ja-in-ja shi ne da wani matashin malamin motsa jiki. Shi a saninsa horo shi ne layi: yara su jeru, malami ya tsaya da kwando yana jefo ƙwallo, kowa ya buga ɗaya ya koma baya. Abin da ya gani a wayarsa ke nan, kuma ya fi kyan gani in babban baƙo ya zo.

"Malam, mu yi lissafi," in ji Koci. "Yara ashirin, kana jefa ƙwallo duk daƙiƙa biyar. Yaushe layi zai zagayo kan yaro?"

Bayan daƙiƙa ɗari. A rabin awa bugu 18 ke nan, in ba a tsaya tsintar ƙwallo ba, in kuma duk ya same su. Su biyu-biyu kuwa cikin 'yan mintoci za su wuce haka. Ni a ganina akwai abin da ya fi lissafin nauyi. Yaron layi ƙwallon malami kawai ya sani, mai zuwa daidai hannunsa kullum. Ranar da ya tsaya gaban yaro ɗan'uwansa mai aiko da ƙwallo a karkace, gajere yanzu, dogo an jima, sai ya rikice. Malamin bai ce ya yarda ba, amma washegari na ga ya cusa usur ɗinsa a aljihu yana zagayawa tsakanin filayen yana ƙirga wa yara.

Da dare muna cin tuwon masara da miyar kuɓewa a zaure, hedimasta ya ce shi abin da ya gani ya tuna masa da fayif, wanda ya buga a makarantar kwana. Wasa ne na makarantar Eton ta Ingila: bango uku, ƙwallo ɗaya, mutum bibbiyu suna dukansa da tafin hannu. Wani malamin makaranta Bature mai suna Hogben ya kawo shi Katsina da Birnin Kabi a shekarun 1920. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, gwani ne a kansa, bai kuma daina ba har yana Firimiya, ana ma gasar kofi da sunansa. A Ingila da safar hannu ake bugawa, da wani ɗan ƙwallo mai tauri. Da ya zo nan aka koma ƙwallon tanis, aka ajiye safar. Wasan 'ya'yan manyan Ingila ne, amma ya zama ɗan gida a ƙasar Katsina domin abin da yake nema bai wuce bango da ƙwallo ba. Holo, wanda Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo suka ɗaukaka, sai mai doki. Tanis aka bar wa kulob, alhali kaso mai tsoka na koyonsa a jikin bango ake yi.

Koci ya kama wannan magana da hannu biyu. Da safe ya nemi wani bangon bulo mai filasta, ya ja layi da gawayi a tsayin igiyar jiya, ya sa yara suna bugawa sama da layin, suna barin ƙwallo ya dira su mayar. Bango ba ya gajiya, ba ya fushi, kuma yadda ka aika haka zai dawo maka. Bjorn Borg na Suwidin, wanda ya ci Wimbledon sau biyar a jere daga 1976 zuwa 1980, a ƙofar garejin gidansu ya yi ƙuruciyarsa yana bugu. Frances Tiafoe, ɗan mutanen Saliyo da ya kai wasan kusa da na ƙarshe a babbar gasar Amurka a 2022, ubansa ma'aikaci ne mai kula da wata cibiyar tanis a jihar Maryland, shi ma bangon wurin ne abokin wasansa na farko. Sai dai a nemi izinin mai bango, a kuma kauce wa lokacin ƙailula, don akwai wata hajiya da ta leƙo ta katanga ta yi mana bayanin hakan dalla-dalla.

Hanyar Malumfashi ta Bakori ake bi. Auduga ta yi fari jefi-jefi, amma masara da waken suya da dawa ne suka fi cika ido, a ƙasar da a da ake wa laƙabi da auduga. A Bakori muka tsaya wurin wani kafinta, domin raket ɗin da aka zo da su ba za su ishi gari biyu ba. Koci ya zana masa siffa a jikin falanki marar kauri, ya ce a yanka, a goge baki, a naɗa wa ƙotar robar tsohon tayar keke. Kafinta ya juya zanen ya ce, "Maigida, wannan na ƙwallon teburin ƙattai ne?" Ya yanka dai.

Katako ba abin kunya ba ne a tarihin wasan. A tsibirin Barbados, cikin shekarun 1930, talakawan da kulob ya fi ƙarfinsu suka zana fili a kan titi, ƙafa 21 tsawo, ƙafa 10 faɗi, suka gitta katako mai tsayin inci 8 a madadin raga, suka saɓule gashin ƙwallon tanis, suka riƙa bugawa da faifan katako. Yau wasan ƙasa ne a can, da gasa da kofi. Filin ƙasa ma ba abin kunya ba ne. Rod Laver na Ostireliya, wanda ya cinye manyan gasa huɗu na duniya a shekara guda har sau biyu, a 1962 da 1969, a filin da aka yi da dakakkiyar ƙasar suri ya koya. A Indiya an daɗe ana shafe fili da kashin shanu. Mu kuma muna da daɓe. Matan karkara sun san yadda ake baza tsakuwa da marmara, a yayyafa ruwa, a bi da madaɓi, a zuba makuba har ƙasa ta yi sulɓi. Koci ya rantse daɓe mai kyau ya fi masa simintin da ya tsattsage, don a kan tsagar siminti ba ka san inda ƙwallo zai nufa ba. Damina za ta zo ta karɓe filin, gaskiya ne, amma a lokacin ai yaran ma suna gona. Daga kaka zuwa bazara wata shida ne ko fi.

Malumfashi garin Galadiman Katsina ne, ita ma ta ga zamanin injin gurza. A nan wata malama ce ta tara 'yan mata a farfajiyar wata makaranta mai katanga, kowace da hijabi da dogon wando. Tun a wasan jifa da cafewa na ga Koci yana murmushi. Hannunsu ya fi na mazan Funtua tsabta, ba sa runtse ido in ƙwallo ya taso. Malama ta ce, "Malam, ai 'yan carafke ne." Wadda ta saba cilla dutse sama ta kwashi na ƙasa ta cafe kafin ya faɗi, ta riga ta yi rabin darasin farko a tsakar gida. Ta tambayi batun sutura. Ya ce a sa ɗan gajeren hijabi ko a soke dogon a ƙugu don hannu ya samu sakewa, shi ke nan. Ya nuna musu Ons Jabeur ta Tunisiya a waya, wadda uwarta ta fara kai ta fili tana 'yar shekara uku, ta kuma kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2022 da 2023. Ni dai na ga wasan ya dace da 'yan matanmu ta hanyar da ƙwallon ƙafa bai dace ba: ba gogayyar jiki, mutum biyu sun isa, kuma ƙaramin filin zai shiga cikin katanga.

Inda suka sha wuya shi ne sabis, bugun da ake buɗe wasa da shi ta saman kai. Dama shi ne mafi wahala ga kowa. Koci bai bari ya tsayar da wasa ba. Ya ce a fara da na ƙasa, a saki ƙwallo a buga shi daga gefe, doka ba ta hana ko ga manya ba. Na saman kuma daga jifa ake gina shi. Yaron da ya yi korar tsuntsaye a gona ko jifan mangwaro ya riga ya san yadda ake juya gefe, a ja gwiwar hannu baya, a saki. 'Yan matan ba su samu wannan ba sosai, sai ya ɗaga igiya sama da kai ya sa su yi ta jefa ƙwallo yana haurawa. Ɗaya hannun kuma aikinsa daban: ya ɗaga ƙwallo a miƙe ya sake shi, ya faɗo cikin 'yar da'irar toka a gaban ƙafa. Sai hannuwan biyu kowane ya iya nasa sannan a haɗa su.

Lissafin 15 da 30 da 40 ma ya ajiye shi gefe. Ɗaya, biyu, uku, wadda ta fara kai bakwai ta ci, a canza abokiyar karawa. Kuma ba alƙali. A tanis, in babu alƙali, kowa shi ke faɗar ko ƙwallon da ya sauka a ɓangarensa ciki ne ko waje, in kuwa yana shakka to abokin karawarsa ke da shi. Malama ta sa aka maimaita wannan ƙa'ida. An yi 'yar hayaniya a kan wani ƙwallo da ya share toka, aka je aka duba sawunsa, wadda ta ce waje ne ta sunkuyar da kai ta miƙa ƙwallo.

Lokaci shi ne abin da ya fi raket wuyar samu. Boko da safe, Islamiyya da yamma, ga aike, ga talla. Abin da ya rage shi ne yammacin Alhamis da Juma'a, da safiyar hutu. Koci ya ce minti arba'in sun wadatar, a tashi yara suna son ƙari. Ga kuma batun tsaro. Ƙanƙara maƙwabciyar Malumfashi ce, kuma ba wanda ya manta da ɗalibai sama da 300 da aka kwashe daga makarantar kwana a can a Disamban 2020. Iyaye suna son ganin 'ya'yansu a gida kafin magariba, ba mai tura yarinya wani fili a bayan gari. Filin da za a zana a ƙofar gida ko cikin makaranta shi ne wanda za a je.

A hanyarmu ta fita, ta Dayi da Gwarzo zuwa Kano, na sa Koci a gaba da tambayar da ke cina. Katako da mataccen ƙwallo za su riƙe yaro shekara ɗaya ko biyu. Bayan nan fa? Ya ce bayan nan sai fili mai mita 18, wanda har yanzu masussuka za ta iya bayarwa, amma sai raket mai saƙa, sai takalmi, sai kuma cikakken fili da gasa, don yaro ba ya sanin kansa sai ya kara da wanda bai sani ba. Kano na da gasar Dala da ake yi a filin siminti, manyan 'yan wasan ƙasar nan na zuwa. Sadiq Abdullahi ya wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta Seoul a 1988. Arthur Ashe ya je Yawunde a 1971 ya ga wani yaro ɗan shekara 11, Yannick Noah, ya yi masa hanyar zuwa Faransa, yaron ya ci babbar gasar Faris a 1983. Amma sai da wani ya koya wa Noah bugu kafin Ashe ya samu abin gani. Koci bai yi wa kowa alkawarin zakara ba. Ya ce shi nasa ya kawo matattun ƙwallaye, in wani yaro ya fi ƙarfin ƙaramin fili a kira shi a waya.

Abin da ya fi tsayawa a kai kafin mu bar kowane gari shi ne wurin ajiya. A Funtua hedimasta ya so a kulle kayan a kabad ɗin ofishin wata makaranta, a rubuta su a littafi, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Koci ya ƙi. Ya ce a ba mai shayin bakin layi, wanda ba ya tashi daga asuba har dare kuma ya san kowane yaro da gidan ubansa, duk mai so ya karɓa ya dawo da shi kafin kiran magariba.

"Za su lalata su fa, Koci."

"Ranka ya daɗe, don haka na kawo su. In na dawo na tarar da su sababbi fil, kwashe abina zan yi in kai Bakori."